Lambar Zinariya a Igiyar Fatsa

Sirpa Rautio ta kusa shekara goma a layinmu na garin Duluth a Amurka, amma in ka tara duk maganar da ta yi a shekarun nan, ba za ta cika hirar yamma ɗaya ta Lorraine matar maƙwabcinta Gordy ba. Doguwar mace ce siririya, da wata hula mai kunnuwa wadda ba ta rabuwa da ita sai zafi ya kai zafi. Ka gaishe ta, ta gyaɗa kai. Ka ce mata yau sanyi ya yi yawa, ta dubi sama ta ce, "Akwai dai." Shi ke nan an gama hira, kowa ya kama gabansa.

Can arewacin Finland aka haife ta, a wani ƙauye na bakin tafki. Ubanta direban motar katako ne, uwarta kuma mai dafa abinci a makarantar firamare. Gida ne da ba a yabo a cikinsa. Ba ƙiyayya ba ce, haka suka taso suka tarar. Ranar da Sirpa ta zo ta ɗaya a jarrabawar lardi, uban ya duba takardar, ya juya bayanta ko akwai saura, ya ce, "Ba laifi," ya tura ta ɗebo itace. Uwar kuwa ta ja ta gefe ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa wa 'ya'yan maƙwabta, kada a ce gidan Rautio sun fara ɗaga hanci. Da wannan tarbiyya ta yi digiri na ɗaya, ta yi na biyu, ta yi na uku, duk a kan abu guda: ƙanƙarar da ke rufe tafki lokacin sanyi. Yaushe take ɗaukar mutum, yaushe take ɗaukar mota, yaushe kuma take cin amana.

Wata cibiyar bincike ce ta kawo ta garin nan. Abin da 'yan layi suka sani game da aikinta bai wuce wannan ba: takan fita da injin huda ƙanƙara a bayan mota, ta je ƙaramin tafkin bayan gari, ta huda nan ta huda can, ta zura wayoyi, wani lokaci har ta kwanta ta kara kunne. Gordy Halvorson, maƙwabcinta na jikin katanga, wanda ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ya koma kamun kifi da neman tsokana, shi ya laƙaba mata Likitar Ƙanƙara.

"Likita, yaya mai jiki?" haka yake ɗaga murya daga ƙofar garejinsa. "Ta kwana lafiya, ko a kira dangi?"

"Kada ka hau ta da mota yau."

"To da ƙafa fa?"

Sai ta dubi tumbinsa, ta ɗan yi lissafi. "Ka bi ta gefen arewa."

Ba wanda ke hawa tafkin nan a layinmu bai tambaye ta ba. Amma mun ɗauki abin kamar tambayar mai agogo ƙarfe nawa.

Ta so wurin nan, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Da hannunta ta gina ɗakin surace na katako a bayan gida, irin na ƙasarsu, duk Asabar hayaƙi na tashi. Ta dasa tuffa. Ta san tafkin bayan gari kamar yadda uwa ta san numfashin ɗanta. To, ashe duk wannan zaman a kan takarda mai wa'adi take yinsa. An sabunta izinin aikinta, an sake sabuntawa, har aka kai iyakar da doka ta yanka. In watan Yuni ya ƙare ba ta samu katin zama na dindindin ba, sai ta tattara ta bar ƙasar, ta bar gidan, ta bar tafkin da wayoyinta a ciki.

Ƙofa ɗaya ta rage mata, wadda gwamnati ta ware wa masu baiwa ta musamman, waɗanda suka yi wa tsararsu fintinkau a fagen da suke. A wannan ƙofar ba wanda zai nema maka. Kai za ka tsaya da bakinka ka ce, ni ne nan, ga kuma hujja.

Aka haɗa ta da wata lauya a Minneapolis, Patrice Dombek, gajeriya mai saurin magana, wadda ke riƙe waya biyu da kofin kofi a hannu ɗaya.

"Dakta Rautio, kada mu ɓata wa juna lokaci. A fagen nan naki, ke ce ta nawa a duniya?"

Sirpa ta ji kamar an ce ta tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ta dubi takalminta.

"Akwai masu ƙoƙari da yawa."

"Ban tambaye ki masu ƙoƙari ba. Lambobin yabo fa? An taɓa ba ki?"

"Babu wani abin a zo a gani."

Lauya ta rubuta babu, ta wuce. Ta ce a samo wasiƙar shaida daga wani babba a fagen. Sirpa ta rubuta wa tsohon malaminta, Farfesa Veikko Lampinen, mutumin da ko a ɗaurin auren 'yarsa aka ce bai yi jawabi ba. Amsarsa ta zo, layi uku. Ya ce ya san Sirpa tun tana ɗaliba. Tana zuwa aiki kan lokaci, ba ta surutun banza, in ta auna abu ba sai an sake aunawa ba. A ƙarshe ya ce, a ganinsa, ba laifi.

Sirpa ta karanta, idonta ya ciko da ƙwalla. Ba ta taɓa zaton tsohon nan yana ganinta da wannan daraja ba.

Lauya ta karanta, ta ajiye kofi a hankali.

"Me kika yi masa?"

"Kamar yaya?"

"Mutumin nan ya tsane ki ne? Ko mai share mana ofis in zan rubuta masa shaida sai ta fi wannan tsawo!"

"Ai ya yaba sosai," in ji Sirpa. "Har ya yi yawa."

Haka aka aika, da wasiƙar da tarin rubuce-rubucenta na bincike. Tsakiyar sanyi amsa ta dawo. Hukuma ta ce ta ga mace mai aiki tuƙuru, amma ba ta ga inda duniya ta shaida ta ba. A kawo ƙarin hujja kafin wa'adin da aka ɗiba, ko a rufe magana. Sirpa ta karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, ta ninke ta sa a aljihu. Gordy na share dusar ƙanƙara a ƙofarsa, ya ce, "Likita, wasiƙar saurayi ce?" Ta ce, "A'a." Ta shige gida. A ranta ta ga hukuma ta yi gaskiya. Har ta fara tunanin wa za ta bar wa ɗakin surace.

Wata Asabar da hantsi tana faskaren itace, sai ga mota ta tsaya da ƙarfi har tana zamewa. Lauya Dombek ta fito da takalmin ofis, ta nutse cikin dusar ƙanƙara har ƙwauri, ba ta ko kula ba. Ta miƙo waya saitin hancin Sirpa.

"Wace ce wannan?"

Hoto ne na wani babban zaure a Turai. Mutane sun miƙe suna tafi. A kan dandamali wani mai farin gemu yana miƙa lamba, mai karɓa kuma ta ɓoye rabin jikinta a bayan tukunyar fure. Amma hular nan mai kunnuwa ta leƙo daga aljihun kwat.

Sirpa ta sauke gatari.

"Ni ce."

"Ke ce! Lambar zinariya ta ƙungiyar masanan tafkuna ta duniya! Na bi diddigi, na ga wasu biyu bayan ita. Kika zauna a ofishina, kika dube ni, kika ce babu!"

"Na ce babu abin a zo a gani."

"To na zo gani. Ina suke? Ina takardunsu?"

"Takardun na hura wutar surace da su."

Lauya ta dafe kai.

"Lambobin fa?"

"Na bayar." Sirpa ta nuna gidan Gordy da gatari. "Suna da amfani a can."

Lorraine ta tarbe su da murna, ta ɗora kofi, tana ta zuba labarin ciwon gwiwarta. Sirpa ta ce a hankali, ko za ta ara mata gilashin nan da ta ba ta, na ɗan lokaci.

"Wanne? Na kan kifi?"

Ta janyo wata tukunyar ƙasa daga ƙarƙashin kanta, ta buɗe. Warin kifi mai tsami da albasa ya game ɗakin. Ta zura hannu ta ciro wani dunƙulen gilashi mai kamar dutse, ruwan tsami na ɗiga.

"Ba ni da abin danne kifi kamarsa," in ji Lorraine. "Ta ce min tarkacen da ake rabawa a taro ne."

Lauya ta goge shi da gyalenta mai tsada, ta ɗaga saitin taga, ta karanta rubutun da aka sassaƙa a ciki da ƙarfi. Gwarzuwar matasan masu bincike, da sunan Sirpa ɓaro-ɓaro. Lorraine ta dafe ƙirji ta nemi kujera.

"Wayyo Allah! Ni da na zaci sunan kamfani ne! Sirpa, shekara nawa yana cikin albasa?"

"Gilashi ne, ba ya lalacewa."

Na biyun a gareji aka same shi, jingine da bokiti. Katako ne mai kyau, duk ya sha saran wuƙa, ɓawon kifi ya manne masa. A kansa Gordy ke gyaran kifi. Da lauya ta juya ɗaya fuskar, sai ga farantin tagulla da hatimi da rubutun Jamusanci. Ta dai jingina da bango ta rufe ido.

"Ta zinariyar fa?" ta tambaya, ido a rufe.

"Tana wurin Gordy."

"Gordy yana ina?"

"Kan tafki."

Da motar Sirpa suka tafi, su uku. Da lauya ta ga an bar titi an gangara kan farin fili, ta fahimci ruwa ne a ƙarƙashinsu, sai ta cafke marfin ƙofa da hannu biyu.

"Tsaya! Za ta ɗauke mu?"

"Za ta ɗauka."

"Kin tabbata?"

"Na auna jiya. Ko motar yashi za ta ɗauka a nan. Can wajen tsibiri ko kare ba zan bari ya bi ba."

Lauya ta juyo ta kafa mata ido. "Au! Ashe kin iya cewa kin san abu?"

Kunnuwan Sirpa suka yi ja.

Gordy na zaune cikin bukkarsa ta katako, a kan bokiti, murhu na ci, ga rami a tsakiyar ƙanƙara baƙin ruwa na leƙowa. Ya ga mata uku sun cika ƙofa.

"Kai! Likita ta kawo 'yan duba mara lafiya. Lorraine, me na yi kuma?"

"Gordy," in ji Sirpa, "ina ƙarfen nan da na ba ka?"

"Na gwada zurfi? Yana ƙasa, yanzu na saka." Ya kama wata igiya ya fara ja, hannu bayan hannu. "Ai ban taɓa samun irinsa ba. Ya fi dalma sauka, kuma ba ya tsatsa. Duk 'yan tafkin nan ara suke yi."

Igiya ta ƙare. A bakinta ga wani faifai kamar murfin kwalba babba, da laka da ciyawar ruwa. Lauya ta karɓa, ta murza da yatsa. Rawaya ya bayyana, sai fuskar wani dattijo mai gemu, da huji tsakiyar goshinsa inda igiya ta ratsa.

"Wa ya huda kan mutumin nan?"

"Ni," in ji Gordy. "To ta ina zan ɗaura?"

Lorraine ce ta gaya masa ko mene ne. Gilashin kifi, katakon gareji, da wannan. Gordy ya dubi faifan, ya dubi Sirpa, ya sake duban faifan. Ya cire hularsa kamar an shigo da gawa.

"Zinariya? Ta duk duniya? Ranar nan fa igiya ta kusa tsinkewa, na ce in ya tafi ya tafi, Likita za ta samo min wani!"

"Ku kuna maganar igiya," in ji lauya, muryarta ta tashi. "Kun san saboda an rasa waɗannan abubuwa hukuma na shirin rufe maganarta? Yuni na ƙarewa za ta bar ƙasar nan!"

Wani kifi ya ja fatsar Gordy, sandar ta lanƙwasa, ba wanda ya waiwaya.

"Barin ƙasa?" in ji Gordy. "Wace ƙasa? Wa zai bari?"

Sirpa ta so ƙanƙarar nan, wadda ta auna da hannunta ta tabbatar da ƙwarinta, ta tsage ta haɗiye ta.

"Ban ga abin faɗi ba," ta ce.

"Ba ki ga abin faɗi ba! Kullum ina ƙofa ina yi miki sheri, kina wucewa da wannan a ciki? Da sai dai in tashi da safe in ga motar kwashe kaya? Haba, Sirpa!"

Tun da ta zo layin, wannan ne karo na farko da ya kira ta da sunanta. Abin ya fi faɗan lauya shigarta.

Lorraine ta share ido da bayan hannu. "Ke kuwa 'yar nan, me ya sa kika rabar da su? Ko a kan talabijin ai kya ajiye."

"In na ajiye a falo, duk wanda ya shigo sai ya gani. In ya gani sai ya tambaya. In ya tambaya sai na faɗa."

"To sai me?"

"Sai in zama mai faɗa." Ta gyara hularta. "Kuma ba a zubar da abu mai amfani."

Daga ranar lauya ta karɓe ragama. Aka wanke gilashi da sabulu har sau ba adadi, amma warin albasa ya ce yana nan. Aka ɗauki hoton katako ta fuskar arziki. Aka ɗauki na lambar, lauya ta ɗora babban yatsanta a kan hujin. Ƙungiyoyin da suka ba da lambobin suka aiko da sabbin takardu, suna mamakin yadda na farko suka ɓace. Sai aka bugo wa Farfesa Lampinen waya, Sirpa na zaune tana ji.

"Farfesa, wasiƙarka ta yi gajarta."

Shiru ya yi tsawo har lauya ta duba ko layi ya yanke.

"Na rubuta ba laifi," in ji tsohon. "Ban taɓa rubuta wa kowa haka ba."

"In ba ka ƙara ba, za a raba ta da tafkinta."

Tsohon ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Zan rubuta. Amma kada kowa ya gani a Finland."

Da komai ya haɗu, lauya ta kawo bayanin da ta tsara, mai kauri kamar bulo, ta ajiye a teburin kicin ɗin Sirpa ta ce ta karanta ta sa hannu. Sirpa ta buɗe shafin farko. An ce tana cikin 'yan ƙalilan da suka kai ƙololuwa a fagensu. An ce hanyar awon da ta ƙirƙiro ita ake bi a ƙasashe da dama. Ta ture takardun.

"Ba zan sa hannu a ƙarya ba."

"Madalla," in ji lauya. Ta zaro jan biro ta miƙa mata. "Ke ce mai duba aikin wasu kina kamo kuskure. Kamo min ƙarya ɗaya, in soke."

Sirpa ta ja kujera. Ta bi layi-layi, kamar yadda take bin aikin ɗalibi mai son zuƙi. Ta ɗauko kwamfuta ta gwada kowace magana da asalinta. Kofi ya huce, aka sake wani. Gordy ya leƙo ta taga, Lorraine ta janye shi. Biron nan yana sama yana jiran inda zai sauka, shafi na wucewa bayan shafi. Wuri ɗaya tak ya taɓa takarda: inda lauya ta lissafa ƙasashen da ke aiki da hanyarta, ta manta da Kanada.

Ta kai shafin ƙarshe. Ta zauna baki sake, fuskarta fari fat, kamar wadda likita ya gaya wa wani mugun labari.

"Lafiya?" in ji lauya.

"Gaskiya ne," in ji Sirpa. "Duka gaskiya ne."

Ta sa hannu da ƙananan baƙaƙe, can ƙasan layi, ta tashi ta fita ba ko sallama. Ranar ba Asabar ba ce, amma hayaƙi ya tashi daga ɗakin surace har yamma.

Lokacin da ƙanƙarar tafki ta fara baƙi tana jan jiki daga gaɓa, lauya ta bugo tana ihu har sai da Sirpa ta nisanta wayar daga kunne. An amince. Ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon bishiyar tuffa da ta fara toho. Sannan ta taka zuwa katanga, inda Gordy ke wanke kwale-kwale.

"Gordy."

"Na'am, Likita?"

"Ina nan."

Ya saki tiyo, ruwa ya yi ta feshi a wandonsa bai sani ba. Ihun da ya yi ya fito da Lorraine da ludayi a hannu.

Sirpa ta buga wa uwarta waya can ƙauye. Tsohuwar ta tambaya me ya sa suka yarda, ƙasa mai yawan mutane haka. Sirpa ta waiwaya ko akwai mai ji, ta rage murya ta ce, "Sun ce ba laifi." Uwar ta ce, "To. Kada dai ki faɗa wa maƙwabta."

Ai kuwa ta makara. Da Sirpa ta mayar da kayan, Lorraine ta ce har abada gilashin nan ya gama da kifi. Gordy ya rantse hannunsa ba zai sake ɗaura zinariya a igiya ba. Suka jera su ukun a tagar falonsu mai kallon titi, Gordy har da sa musu ƙaramar fitila. Duk wanda ya gifta, mai kawo wasiƙa ne ko mai yawo da kare, sai ya tare shi ya nuna masa, ya kuma nuna masa hujin da ya yi da hannunsa.

Sirpa tana nan a layinmu, da katinta a aljihu da hularta mai kunnuwa. Sai dai tun daga lokacin ba a sake ganinta a titin gaba ba. Ta lungun baya take zagayawa, ta wajen kwandunan shara, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.